Wasan Ɗan Fari da Wasan Auta

Tun ranar da aka raɗa wa ɗana na fari suna, har zuwa yau da furfura ta fara keto masa a gemu, sunan nan bai taɓa fitowa daga bakina ba. Haka na tarar ana yi, haka kuma na yi. Mahaifiyata Bafillatana ce daga Nariya, kuma a gidan da ta rene mu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ka yabonsa, in ma wani ya yabe shi sai ka kau da kai kamar maganar ba ta shafe ka ba. Da aka yaye shi, yayana da ke Fammar ya ɗauke shi riƙo, bai dawo hannuna ba sai da ya isa shiga makaranta. In ina da magana da shi, uwarsa nake gaya wa ta isar, shi ma ta nan yake biyo da tasa. Ita ma a da tana da tata kunyar, har ta fi tawa, amma shekaru sun sassauta mata. Ni ba su sassauta mini ba, kuma ina alfahari da hakan.

'Ya'yana maza biyu ne. Shi babban yana da shago a Rano, inda yake gyaran kwamfuta yana kuma kafa wa mutane sola, kuma shi ne ke kula da gonarmu ta Tarai tun da ƙarfina ya ja baya. Kowane mako yakan zo nan Kibiya, ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, in amsa da kalma biyu, ya wuce ɗakin uwarsa. Ɗayan shi ne Auta, wanda ke aiki a birnin Kano. Shi kuwa ba ya zuwa sai a Sallah ko in wani abu ya faru, amma in ya zo har kan shimfiɗata yake zama, yana ja mini yatsun ƙafa yana ba ni labarin birni.

Bayan na ajiye aikin koyarwa da wasu 'yan shekaru, wata rana da damina muna dawowa daga Tarai, babur ya zame da mu a cikin laka, na karye a ƙwauri. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙafar, ya ce in na kuskura na taka ta kafin ya ba da izini, to in nemi wani. Mutumin da ya shafe shekara talatin da ɗoriya a tsaye gaban allo, sai ga shi kwance yana ƙirga azarar rufi. Na karanta abin da nake da shi na littattafai har na gaji, na ja carbi, na yi faɗa da kowa a gidan ba gaira ba dalili.

A mako na uku babban ya zo da kayan aikinsa, ya hau rufi ya kafa sola, ya ja waya zuwa ɗakina ba tare da ya ɗaga ido ya dube ni ba. Da zai tafi ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta ta hannu a bakin ƙofa, da takarda a kanta, na ji yana ce wa uwarsa, “Inna, ki ce wa Baba akwai wani abu a ciki na rage zaman kaɗaici. Na rubuta yadda ake yi.”

Kwana biyu ban taɓa ta ba, domin a ganina wasa na yara ne. A rana ta uku zaman ya ishe ni, na ɗauki takardar. Rubutu ne tsaf, mataki bayan mataki, babu gaisuwa a sama babu sa hannu a ƙasa. A ƙarshe kawai ya rubuta cewa shi ma wannan wasan ya yi lokacin da yake ɗalibi, kuma ko a wancan zamanin an riga an daina yayinsa.

Lalle tsoho ne. Launukansa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Da farko za ka ƙirƙiri mutum shida da kanka, ka raba musu ƙarfi da basira da zafin nama daga abin da aka ba ka, wanda kuwa ba ya isar kowa ya samu yadda kake so. Na yi mayaƙa biyu, da maharbi, da mai magani, da mai buɗe makullai, da wani masani mai raunin jiki. Sa'an nan ka shiga da su wani rami a ƙarƙashin kufai, hawa bayan hawa zuwa ƙasa. Babu taswira. In ba ka zana hanyarka da hannunka ba, ka ɓata ke nan har abada, don haka na sa aka sayo mini littafin lissafi mai layuka gida-gida, kowane taku in cike gida guda da fensir. Yaƙi kuwa bi da bi ne, kowa na jiran lokacinsa. In an kira salla sai ka ajiye ka yi sallarka, ka dawo ka tarar da dodon yana tsaye inda ka bar shi. Ba a adana maka abin da ka yi sai a wani masauki da ke bakin ramin, can sama. Wanda ya mutu a ƙasa, sai an ɗauko gawarsa an hauro da ita kafin a yi zancen tashinsa, in kuwa duka shidan suka mutu, aikin makonni ya tafi.

Turancin da na koyar shekara da shekaru ya yi mini rana. Kafin wata ya ƙare na cika littafi guda da taswira, kuma mutanen gidan sun huta da faɗana.

Sai Auta ya zo dubiya. Ya leƙa allon ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Baba, wannan ai ya girme ni. Yaya bai kyauta maka ba. Bari ka ga na mutane.”

Ya sa mini nasa. Shi ma ya ce tsoho ne a wurin masana, amma kusa da na farkon ango ne. Daga sama kake kallon duniyar, da koguna da kasuwanni da ruwan sama yana zuba. Mutum ɗaya kake, abokan tafiya kuwa a hanya kake tsintarsu, kowa da halinsa. Na samu wata maharbiya mai kaifin harshe, da wani tsohon soja mai mita, da wani falke wanda ba ya faɗin gaskiya sai bisa kuskure. Suna hira, suna faɗa da juna, suna yaba maka in ka yi abin kirki, in ka yi zalunci kuma su tattara nasu su bar ka. In an yi maka magana sai a jero maka amsoshi ka zaɓa. Kuma a ko'ina ka ga dama kana iya adana wasanka, in abu ya ɓaci ka koma baya ka sake.

Ba zan ɓoye ba, ya shiga raina. Kuma a nan ne na yi kuskuren da ya jawo duk abin da ya biyo baya.

Kunnena ya yi nauyi, saboda haka in ana waya da ni a buɗe nake sa ta, kowa na ji. Wata rana da hantsi Auta ya kira daga Kano yana tambayar inda na kai. Na saki baki ina ba shi labarin tsohon sojan nan, ina dariya, ina cewa wanda ya ƙago wannan abu ya san halin ɗan Adam, Allah ya yi maka albarka da ka kawo mini shi. Na daɗe ina yi. Da na ajiye wayar sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Babban ne durƙushe, ya zo gaisuwa, yana jira in gama. Uwarsa na tsaye a bayansa da kwanon fura. Ita ce ta yi ƙarfin hali ta ce, “Malam, na wancan fa? Na ga har littafi ka cika da shi.”

Na ce, “Yana nan.”

Abin da ya kamata uba ya ce ke nan, kuma da mahaifiyata na raye da ta gyaɗa kai. Ya gaishe ni, na amsa, ya tashi.

Bayan mako biyu uwar tasa ta shigo ta zauna nesa da ni, abin da takan yi in maganar mai nauyi ce. Ta ce wani kamfani a kudu, can bakin teku, ya aiko masa da takardar ɗaukar aiki. In ya karɓa zai kwashe matarsa da 'ya'yansa, ya rufe shagon, gonar kuma a nemi mai kula da ita. An ba shi zuwa mako guda bayan Babbar Sallah ya ba da amsa.

Na ce, “Ai arziki ne. Me ya ce?”

“Cewa ya yi, Inna, da akwai abin da ya riƙe ni a nan da ko buɗe takardar ban yi ba.”

“Ke fa? Gonar fa?”

“Malam, ka san ba ni yake nufi ba, ba kuma gona ba.”

Ta tashi ta fita.

Ana haka sai Auta, wanda bai san komai ba, ya kira ya ce shi da yayansa sun yi gardama a waya kan wasannin nan, kuma ya yanke cewa in an zo Sallah Baba zai raba musu, ya faɗi wanda ya fi so. Shi a wurinsa abin nishaɗi ne. Ni kuwa na san duk wanda zai zauna a wurin, in ban da Auta, ba zancen wasa zai ji ba.

A tsawon aikina ban taɓa ba ɗalibi makin da bai ci ba, ko ɗan wane ne, kuma ban yi niyyar farawa da tsufana ba. In na Auta ne ya fi, to shi zan faɗa, ko da kuwa hakan zai sa ɗayan ya kama hanya. Saboda haka na zauna na auna su kamar yadda nake auna takardun jarrabawa, yau wannan gobe wancan, har makonni uku.

Ta wajen labari, na Auta ya yi nisa, babu ma abin kwatantawa. Na babban labarinsa bai wuce layi biyar ba: ga rami, ga mugu a ƙarƙashinsa, shiga. Ta wajen mutane ma haka. Shidan nan da na ƙirƙira ba su taɓa buɗe baki ba, alhali falken can na Auta har yau nakan tuna wata ƙaryarsa in yi murmushi. Ta wajen yaƙi kuwa na babban ya fi dacewa da yatsun tsoho, domin na Auta in rikici ya kaure kowa gudu yake yi lokaci guda, sai ka yi ta tsayar da shi kana neman inda mutanenka suka shiga. Da a nan awon ya tsaya, da Auta ya ci da rata.

Amma akwai abu biyu da suka faru da ni waɗanda ba su shiga wannan lissafi ba. A wasan Auta na iso wasu ƙauyuka biyu suna rikici kan rijiya, aka ce in raba. Na ji daɗi, domin na sha zama a sulhun manoma da makiyaya kan burtali, na san yadda ake bi. Na saurari kowa, na yanke hukuncin da na ga shi ne daidai. Sai tsohon sojan ya fusata, ya ce ba zai ƙara bin mutum irina ba, ya tafi. Ban yi wata-wata ba na koma baya, na zaɓi wata amsar. Wannan karon maharbiyar ce ta ɓata rai. Na sake komawa. Sai a karo na huɗu na samu amsar da ta bar kowa yana murmushi. Ina cikin jin daɗi sai na tsaya na dubi abin da na yi. Na zama alƙalin da ke duban fuskokin mutane ya janye hukuncinsa, ya yi ta sakewa har sai an tafa masa. Babu wanda ya gan ni, amma kunya ta kama ni har na rufe kwamfutar.

A wasan babban kuwa, a hawa na bakwai, mai maganina ya mutu. Babu komawa baya. Sai dai in ɗauki gawarsa in hauro hawa bakwai da mutum biyar masu rauni, ba mai yi musu magani, ba abin dogaro sai zanen fensirina. A hawa na huɗu na tarar taswirata ta saɓa da abin da nake gani, domin akwai wani gida da ke juya mutum bai sani ba, kuma ranar da na zana wurin ban lura ba. Na yi yini guda ina gyara kuskuren taku bayan taku, na rasa maharbi, na rasa masanin. Da na fito bakin ramin da mutum uku da gawa uku, babu kiɗa, babu wanda ya ce komai, sai allon masauki da tambayar ko za ka kwana. Amma na daɗe ban ji irin abin da na ji a ƙirjina ba a wannan la'asar. Abin da na samu nawa ne, kuskuren ma nawa ne.

Da na gama awo sai na ga na Auta ya fi kyan ƙira, amma na babban ne nake so. Hankalina bai kwanta da wannan ba, sai ma ya ƙara tashi. Da gaskiya ta faɗa wajen Auta, da na samu mafaka. Yanzu kuwa gaskiya ta tsaya daidai wurin da aka hore ni tun ina yaro kada in taka.

Washegarin Babbar Sallah, bayan la'asar, muka zauna a zaure. Lokacin na fara takawa da sanda. An kawo soyayyen nama a faranti. Akwai maƙwabcina Alhaji, sa'ana, tsohon dillalin shanu, wanda shi ma jinin Fulani ne kuma bai taɓa bari ko inuwar ɗansa na fari ta taɓa tasa a gaban mutane ba. Auta na gefena. Babban yana can bakin ƙofa kusa da takalma. Na kuma san uwarsu tana bayan ƙyauren cikin gida, domin na daina jin motsin tukwane.

Auta ya goge hannunsa ya ce, “To Baba, yau ce ranar. Alhaji, kai ne shaida. Yaya ya kawo wa Baba wani gem na zamanin kakanni, ni na kawo masa na gaske. Yau zai faɗi gwaninsa.”

Alhaji ya dube ni ya ce, “Malam, da girmanka? Mu muna majalisa muna yi maka addu'ar ƙafa, ashe kai kana ɗaki kana kashe dodanni.”

“Wasu ma su suka kashe ni, Alhaji.”

“To Allah ya ji ƙanka.”

Aka yi dariya, ban da mutum ɗaya. Auta ya ci gaba, “Ka san gem ɗin Yaya, Alhaji? Ko ka ci yaƙi ba ya ce maka sannu. Ka sha wahala ka fito, shiru kamar ka shiga gidan makoki.”

Babban bai ɗaga kai ba. A hankali ya ce, “Ai ba kowa ne ya saba a ce masa sannu ba.”

Alhaji ya mayar da tsokar da ya ɗauka cikin faranti. Auta ya dubi yayansa, ya dube ni, murmushinsa ya rage.

Na gyara murya na fuskanci Auta, domin shi ne wanda ya halatta in fuskanta. Na fara da nasa, na faɗi kyan labarinsa da mutanensa, ban rage komai ba. Na koma kan ɗayan na faɗi yadda yake jiran mutum, da yadda yake sa ka zana hanyarka. Da na zo inda ya kamata in yanke, sai na ji kaina ina cewa, “Saboda haka kowanne da irin nasa.”

“A'a, Baba,” in ji Auta. “Kai da kanka ka ce ba ka taɓa ba ɗalibai biyu na ɗaya ba.”

Kafin in amsa, babban ya jawo takalmansa. Ya ce, ba tare da ya nufi kowa ba, “Bari in kama hanya kafin magariba, yaran suna jira.”

Na san in ya fita daga zauren nan a haka, amsar da zai ba mutanen kudu ta riga ta tabbata. Ya sa ƙafa ɗaya a takalmi.

Na ce, “A zauna.”

Ya tsaya, sa'an nan ya koma ya durƙusa.

“Auta, naka ya fi kyau, kuma wanda ya ce ba haka ba bai yi adalci ba. Amma ba shi ka tambaye ni ba. Ka tambaye ni wanda na fi so. Na farkon nake so. Naka ya bar ni na janye maganata sau uku, wancan bai taɓa bari ba. Kuma wanda ya zaɓo mini shi ya san ni, ya san abin da zai tashe ni daga kwance. Ya kyauta. Ya daɗe yana kyautawa.”

Alhaji ya matso ya rage murya, amma kowa ya ji. “Malam, ɗan fari ne fa.”

“Na san ko wane ne, Alhaji. Ina nan aka haife shi.”

Auta ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba, ya ce ai shi dama ya san tsofaffi sai tsofaffin kaya. Babban kuwa ya zauna kamar an dasa shi, kansa a ƙasa, sa'an nan ya miƙe ya fita ba sallama. Muka ji ya tayar da babur, ƙarar ta yi nisa ta hanyar Rano.

Ban san me na yi ba. Mai yiwuwa na gyara, mai yiwuwa kuma na kunyata shi a gaban baƙo, domin shi ma a cikin wannan tarbiyya ya tashi, bai san inda ake ajiye yabon uba ba. Auta ya koma Kano kwana guda kafin ranar da ya ce, da gaisuwa a taƙaice. Alhaji ya kai labari majalisa, har wani ya tambaye ni ko gobe goya shi zan yi in zaga kasuwa. Uwarsu ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaye ta ba. Kwana biyar ban buɗe kwamfutar ba. Duk babur da ya wuce ƙofar gida sai na kasa kunne.

A rana ta shida da hantsi na ji sallamarsa. Ba ɗakin uwarsa ya nufa ba. Ya durƙusa a bakin ƙofata, muka gaisa, amma bai tashi ba.

“Baba, na zo da magana.”

Bai taɓa faɗa mini haka ba. Na ce ina ji.

Ya faɗi zancen aikin dalla-dalla, kamar bai san na sani ba. Ya ce aikin mai kyau ne, akwai gida, akwai makarantar yara, kuma irinsa ba ya zuwa wa mutum mai shekarunsa sau biyu. Ya ce matarsa tana so. Ya ce ya samu wanda zai iya riƙe gonar.

“Ban ba su amsa ba, kuma gobe ne ƙarshe. Abin da ka ce shi zan yi.”

Na san amsar da ta dace, tana kan harshena a shirye: Allah ya sa albarka, Allah ya kiyaye hanya. Ita ce amsar mutum mai filako, wanda ba ya nuna yana bukatar kowa, balle ɗansa na fari. Ita ce kuma, in an bi ta hankali, amsar da ta fi masa amfani. Na ɗaga kai na dube shi sosai, abin da rabona da yi tun yana cikin zane. Ya yi kama da mahaifina fiye da yadda na sani.

Na ce, “Ba na so ka tafi.”

Ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya ce, “To, Baba.”

Ya ƙara zama kaɗan, ya tambayi ko ƙafar tana kumbura da yamma, na ce wani lokaci. Ya tashi ya fita tsakar gida, na ji yana waya da Turanci, yana ba su haƙuri.

Bai tafi ba. Matarsa ta yi watanni tana gaishe ni da baki kawai, kuma ban ga laifinta ba. Auta ya huce a hankali, ko da yake har yanzu yana cewa an yi masa maguɗi. Ran nan na je Rano ganin likitan ido, na biya ta gaban shagon. Na hango shi zaune shi kaɗai, babu mai saye ko ɗaya, yana kwance wata tsohuwar na'ura da ƙaramin sukuddireba. Na tuna gidan can da makarantar yaran da na hana su, na kasa tabbatar wa kaina cewa ban zalunce shi ba. Na ce wa mai babur ya tsaya. Na sauka da sandata, ya taso da sauri ya jawo mini kujera, na zauna a wurinsa har azahar.